Get ɗin ƙofar gida a Ingila: sai da izinin kansil ko mutum zai iya kafa abinsa kawai?

Tambayar da wani ɗan uwa ya turo ita ce: "Assalamu alaikum Injiniya. Mun sayi gida a Bamingham, irin wanda yake manne da na maƙwabci ta gefe ɗaya, gabansa akwai filin ajiye mota da 'yar guntuwar katanga. Ina so in sa get mai rimot, tsayinsa kamar mita 1.8, saboda ɓarayin mota da kuma yarana da suke fita titi a guje. Mai walda yace ba wani izini da ake nema tunda cikin filina ne, maƙwabcina kuma yace kansil zasu sa in cire. Waye mai gaskiya?"

Wa'alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya sanya alheri ya sa gidan zama ne. Toh maƙwabcinka ne ya faɗa maka gaskiya, kuma dan Allah in har baka riga ka ba mai waldan nan kafin alƙalami ba ka riƙe kuɗinka tukuna. Get mai mita 1.8 a bakin titi a Ingila sai da izini, ko da kuwa kowane inci na ƙasar da za a kafa shi naka ne halak malak. Shi mai walda ƙarfe yake sayarwa, ranar da wasiƙar kansil, wato ƙaramar hukumar yankinku, zata zo sunanka za ta ɗauko ba nasa ba.

Abinda yasa mutane suke ruɗewa shine akwai ayyuka da yawa da doka ta riga ta ba kowa izininsu tun kafin ya tambaya. Akwai wani kundi na 2015 da ma'aikata ke kira GPDO a taƙaice, shi ya lissafa ƙananan ayyukan da zaka yi a gidanka ba sai ka cika fom ba, kuma get da katanga da shinge duk suna ciki wuri ɗaya, doka ɗaya ce ta haɗa su. Amma izinin da sharaɗi ya zo. In abin yana dab da hanyar da motoci ke bi, kada tsayinsa ya wuce mita 1 daga ƙasa. In a wani wurin ne, kamar tsakaninka da maƙwabci ko bayan gida, an yarda har mita 2. Kaga mai waldan ya ji rabin magana ne, ya riƙe mita 2 ya manta da mita 1. Kuma mita 1 ɗin nan gajere ne sosai, ga babban mutum iyakarsa wajen ƙugu, wato irin get ɗin da muka taso muna gani a Kano ko Kaduna, wanda in an rufe shi ko rufin mota ba a hangowa daga waje, sam baya cikin abinda aka yafe.

Wajen awo ma akwai inda ake faɗawa rami. Ba ganyen get ɗin kaɗai ake aunawa ba. Ginshiƙan da zasu riƙe shi, na bulo ne ko na ƙarfe, da hular da ake ɗora musu a kai, da 'yan tsinin nan masu kamar kan mashi da ake jerawa a sama don ado, duk ana lissafa su. Zaka ga mutum ya yi odar get mai santimita 95 yana murna ya tsira, sai magini ya zo ya tayar masa da ginshiƙi mai mita 1.3 a kowane gefe har da fitila a kai, shikenan ya fita daga layi. Haka get mai baka a sama, wanda gefensa gajere ne tsakiyarsa ta yi tozo, daga tozon ake aunawa. Sannan daga asalin ƙasar wurin ake fara ƙirga, ba wai ka zuba ƙasa ka ɗaga wajen sannan kace daga nan zaka fara awo ba. Wasu kuma suna cewa ai nawa na sanduna ne ana ganin ciki, ba rufaffe bane. Wannan zai taimake ka lokacin da kake neman izinin, amma baya cire maka wajibcin neman, a wajen ƙa'idar mita 1 da rufaffe da buɗaɗɗe duk ɗaya ne.

Yanzu ga inda rigimar take da gaske, wato me ake nufi da "dab da hanya". Na farko hanya a wajensu ba kwalta kaɗai bace. Dakalin masu tafiya a ƙafa da ke gaban gidanka, da 'yar ciyawar nan da ake bari tsakaninsa da kwalta, galibi duk ɓangaren hanyar ne. Saboda haka kada kace ai tsakanina da inda mota ke wucewa akwai mita 3, in katangarka tana jingine da dakalin 'yan ƙafa toh a bakin hanya kake. Na biyu, kuma wannan ne nake so ka riƙe da kyau, dokar bata faɗi nisan da zaka ja baya ka fita daga "dab da hanya" ba. Zaka ji masu sayar da get suna cewa in ka matsa ciki da mita 1 ka tsira, wani yace mita 2, wallahi babu ko ɗaya a rubuce cikin dokar. Kowane gida da idonsa ake duba shi. Abinda jami'in kansil ko sufeton ɗaukaka ƙara yake tambayar kansa shine, mai wucewa a titi in ya kalli wannan abin, zai ɗauke shi a matsayin iyakar da ta raba gidan da hanya? In amsar eh ce, ko ka ja shi baya da taku biyu ka shuka fulawa a gabansa, zasu iya ce maka har yanzu dab da hanya yake. In kuma get ɗin ya koma ciki sosai, misali ya yi layi ɗaya da bangon gaban gidan kansa, ya zama akwai filin mota guda tsakaninsa da titi, nan kam yawanci ana ɗaukarsa ya bar bakin hanya, ƙa'idar mita 2 ce take aiki. Tsakanin waɗannan biyun kuwa waje ne na taƙaddama, kuma bana ba kowa shawarar ya zuba dubban fam a kan hasashen mai sayar da kaya.

Masu gidan kan kwana su ƙara kula, don su ta fuska biyu suke kallon titi. Katangar gefe da mutum yake ɗauka ta bayan gida ce ita ma a bakin hanya take, mita 1 ne hukuncinta.

Akwai sauƙi guda ɗaya. In dama can akwai get ko katanga mai tsayi a wurin, wadda take bisa ƙa'ida, an yarda ka gyara ta ko ka inganta ta matuƙar baka wuce tsayinta na da ba. Amma kai kace 'yar guntuwar katanga ce a gaban naka, don haka wannan ƙofar bata buɗe maka ba. Wanda yake da irin wannan damar kuma ya ɗauki hotuna da tef ɗin awo a jikin tsohon get ɗin kafin a taɓa shi, don bayan an kwashe shi an kai bola babu mai yarda da maganar baki.

Har shi mita 1 ɗin ma ba kowane gida ne yake da shi kyauta ba. In gidan yana cikin jerin gine-ginen tarihi da gwamnati ta kare, toh duk wani get ko katanga a harabarsa sai da izini komai gajartarsa, kuma wannan ba abin wasa bane, taɓa ginin tarihi ba izini laifi ne da ake gurfanar da mutum a kotu a kansa ƙarƙashin dokar gine-ginen tarihi ta 1990, har ɗaurin shekara 2 yana iya kaiwa. Hukumar Historic England tana da jerin a intanet, ka sa adireshinka ka gani. In unguwar tana cikin wuraren da aka keɓe don adana kamanninsu na da, rushe katangar da ta kai mita 1 a bakin hanya ma kaɗai sai da izini, balle kuma sau da yawa a irin waɗannan unguwanni kansil takan fitar da umarnin da ake kira Article 4, wanda yake janye izinin nan na kyauta gaba ɗaya, ya zama ko guntun shinge zaka sa sai ka nema. Sai kuma wanda ya fi kama mutanenmu, wato sabbin rukunin gidaje. Da yawansu tun lokacin da aka ba kamfanin izinin gina unguwar an sa sharaɗin cewa gaban gidaje zai zauna a buɗe, ba katanga ba get ba shinge, kuma sharaɗin yana bin gidan ne ba mutumin da ya fara saya ba. Alamar da zaka gane, ka tsaya a bakin layinku ka duba hagu da dama, in kaga duk gidajen gabansu fayau yake babu mai ko guntun bulo, ba wai duk basu da kuɗin get bane, akwai abinda ya hana su. Tunda naka yana da 'yar katanga da alama ba irin wannan unguwar bace, amma ka duba tsohon izinin ginin a shafin kansil, kyauta ne.

Duk wannan ɓangaren masu tsara gari ne. Akwai kuma masu kula da hanya, kuma su nasu lissafin daban. A Bamingham kansil ɗaya ce take riƙe da duka biyun sai dai ofis daban-daban, a wasu yankunan kuwa ƙaramar kansil ke ba da izinin gini babbar ta gunduma ke da hanya, a Landan ma manyan titunan nan masu jan layi na hannun TfL ne, hukumar sufurin birnin. Abu na farko a wajensu, get baya buɗewa waje. Sashe na 153 na dokar hanyoyi ta 1980 ya hana ƙofa ko get ya buɗe ya shigo kan titi ko dakalin 'yan ƙafa, ko da get ɗin rabin mita ne. Dalilin a bayyane yake, makaho da sandarsa, mai keken guragu, uwa mai tura jariri, duk ta nan suke bi. Toh in dole ciki zai buɗe, sai ka auna filinka. Wurin ajiye mota ɗaya ana lissafa shi mita 4.8 a tsayi da 2.4 a faɗi, in ƙofar shigarka mita 3 ce kuma ganye biyu zaka yi, kowane ganye zai ci mita 1.5 na cikin filin yayin da yake juyawa, kaga kana buƙatar sama da mita 6 daga iyakarka zuwa bangon gida kafin ka iya rufe get mota tana ciki. Yawancin gidaje irin naka basu kai haka ba. Shi yasa ake komawa ga mai zamewa gefe a kan dogo, shi kuma yana son fili a gefe daidai faɗinsa har da ɗan ƙari inda zai shige, ko kuma mai naɗewa biyu.

Abu na biyu da masu hanya suke dubawa shine ina motarka zata tsaya kafin get ya buɗe. In titin mai cunkoso ne, musamman wanda aka yi wa aji kamar masu lamba A ko B, har da wasu masu ajin C da ba a rubuta lambarsu a allo, sukan nemi a ja get ɗin ciki kamar mita 5 zuwa 6 daga bakin kwalta, don motar ta fita daga titi gaba ɗaya tana jira, ba gindinta a waje bas na taho mata ba. Sannan suna son direban da ke fitowa da baya ya iya ganin yaron da ke tafe a dakali, saboda haka sukan ce a bar kusurwa mita 2 da mita 2 a kowane gefen ƙofar, kada a sa komai a cikinta da ya wuce santimita 60. Kai da ka ambaci yara, ka tuna yaran maƙwabta ma suna bin gaban gidan naka, kuma dogon get rufaffe da doguwar katanga su ne suke rufe wa direba ido. Ita kanta dokar 2015 ɗin ta ce duk abinda zai tare wa masu amfani da hanya gani har ya zama haɗari baya cikin izinin kyauta, komai tsayinsa.

Ka duba kuma ko an sassauke dakalin da ke gaban filin motar naka bisa ƙa'ida. Gidaje da yawa mai gidan na da ya fasa katanga ne kawai ya dinga hawa dakali da mota. Sauke shi aikin masu hanya ne ƙarƙashin sashe na 184 na dokar 1980 ɗin nan, kai zaka biya, su ko ɗan kwangilar da suka amince da shi zai yi, kuma in titin mai aji ne buɗe sabuwar mashiga ko faɗaɗa ta sosai ma sai da izinin masu tsara gari. In kuma kana da niyyar sake shimfiɗa filin, tun Oktoban 2008 duk abinda ya wuce murabba'in mita 5 a gaban gida sai ya zama mai tsotse ruwa ko ruwan ya gangara cikin lambunka, in ba haka ba shima izini.

Sai takardun gidan kansu. Ka ciro takardar mallaka daga Land Registry, ofishin rajistar filaye, 'yan fam kaɗan ne, ko ka duba fayil ɗin da lauyanka ya baka lokacin saye. Wasu gidajen akwai tsohon alkawari a ciki da ya hana gina komai a gaba, kuma izinin kansil baya goge shi, abu biyu ne mabambanta, kansil zata iya ce maka bismillah wanda yake da haƙƙin alkawarin ya kai ka kotu. In mashigar motar ta haɗin gwiwa ce da maƙwabci, ko yana da haƙƙin bi ta nan zuwa garejinsa, kada ka kuskura ka rufe ba da yardarsa a rubuce ba. Masu haya kuma, na kansil ne ko na mutum, mai gida ake fara tambaya.

Toh in ka nemi izinin zasu bayar? Gaskiya ya danganta da layinku da kuma irin get ɗin. Abinda jami'in yake aunawa shine yadda abin zai zauna a fuskar unguwar, da lafiyar hanya. In layin duk gajerun katangu ne da shingen ganye, kai kuma ka kawo zanen baƙin get na falan ƙarfe mita 1.8 ba ko huda, mafi yawa ƙi zasu yi, zasu ce ya yi wa titin kamar kurkuku kuma bai dace da maƙwabtansa ba. Hujjar tsaro da ɓarayi suna saurarenta amma ba kasafai take rinjayar wancan ba, har ma akwai masu ganin rufaffen gaba yana ba ɓarawo mafaka ne, da zarar ya tsallaka babu mai ganinsa daga titi. Mu mun taso da cewa sirrin gida a katanga yake, kuma ni ban ga aibin mutum ya so matarsa da 'ya'yansa su sakata su wala ba idon mai wucewa ba, amma a tsarin ginin Ingila wannan sirrin a lambun baya aka tanade shi, gaban gida kusan rabinsa na unguwa ne. Wanda ya fahimci haka yakan samu abinda yake so da sauƙi. Get na sanduna da ake ganin ciki, tsayi kamar mita 1.2 zuwa 1.5, ginshiƙan bulo kalar bulon gidan, an ɗan ja shi ciki, wannan yana da dama sosai fiye da wancan. In akwai gidaje a layinku masu dogon get, kada ka dogara da ganin ido, ka shiga shafin kansil ka sa adireshinsu ka ga ko da izini suka yi, in da izini ne ka ambaci lambar fayil ɗinsu a takardarka, ka karanta rahoton jami'in da ya amince, a nan zaka ga ainihin abinda ofishin naku yake so.

Neman kansa ba wuya. Ta Planning Portal, shafin neman izinin gini a intanet, ake turawa, da taswirar wuri mai sikelin 1:1250 an zagaye filinka da jan layi, da ta kusa mai 1:500 ko 1:200 da ke nuna inda get zai zauna da yadda zai buɗe, da zanen fuskarsa daga titi mai 1:50 ko 1:100, yadda wurin yake yanzu da yadda zai koma. Hoton katalog na mai walda baya wadatarwa. Kuɗin nema a ƙarshen 2023 fam 258 ne, an ƙara tun daga nan, ka duba na ranar da zaka tura. Za a ba maƙwabta kwana 21 su faɗi ra'ayinsu, hukunci kuma a ƙa'ida cikin sati 8 ne duk da yakan wuce. In an baka kana da shekara 3 ka fara aiki, in an hana kana da sati 12 ka ɗaukaka ƙara wajen hukumar sufetocin tsara gari. Kuma tunda maƙwabcinka ya riga ya yi maka magana, ka je da zanen ka nuna masa kafin wasiƙar kansil ta riga ka zuwa, haƙƙin maƙwabtaka ne, kuma shi ne mutum na farko da za a tambaya.

In kuma ka zaɓi hanyar ja da get ɗin ciki don ka kauce wa neman izini, akwai takardar da ake kira Lawful Development Certificate. Ita ba izini bace, shaida ce daga kansil cewa abinda kake shirin yi baya buƙatar izini, kuma kuɗinta rabin na neman izini ne in ba a fara aikin ba. Ni duk wanda get ɗinsa ya faɗa wajen taƙaddamar nan ta "dab da hanya" ita nake cewa ya nema, don amsar da wani ma'aikaci ya baka ta waya bata ɗaure kansil, wannan takardar ce take ɗaure su.

Wanda ya yi gaban kansa fa? Kafa get ba izini a gidan da ba na tarihi ba, shi kansa ba laifin kotu bane. Abinda ke faruwa wani ya kai ƙorafi, jami'i ya zo. Na tsaya a kan irin wannan a gidan wani bawan Allah da ya kira ni bayan aikin gama ya gama. Get ne mai kyau, ruwan toka, an ja masa wuta an binne waya an sa kyamara da abin magana a ginshiƙi. Jami'ar ta zo da tef ɗinta, ta dafa shi a kan dakali ta ja zuwa kan hular ginshiƙi, ta ɗauki hoto, ta koma tsallaken titi ta ɗauki wani da gidajen gefe a ciki, ko minti 10 bata yi ba. Aka ce ya nemi izinin bayan aiki, ya nema aka ƙi, aka bashi takardar umarnin cirewa ko ragewa zuwa mita 1. Get mai inji kuwa ba a yanke shi kamar katako, nauyinsa da saitin injin duk a kan tsayin aka yi su, ƙarshe sabo ya saya, ya biya sau biyu. Ita wannan takardar umarnin, ƙin bin ta shine laifin da ake kai mutum kotu a ci shi tara. Masu cewa ka daure shekara 4 ya zama halal kuma labarinsu ya tsufa, daga 25 ga Afrilun 2024 wa'adin a Ingila ya koma shekara 10 ga duk aikin da aka kammala daga ranar. Ko babu wanda ya kai ƙara, ranar da zaka sayar da gidan lauyan mai saye zai tambayi takardar, ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan duk maganar Ingila nake, Sikotland da Wels da Ireland ta Arewa kowa da kundinsa, suna kama amma ba ɗaya bane.

Maganar rimot kuma, sa wa get inji bai canza komai a wajen izini ba, tsayi da wuri ne ma'auni. Amma tunda saboda yara kake son abin, ina roƙonka ka saurare ni a nan fiye da ko'ina. Get mai inji na'ura ce, a doka ma haka yake, yana ƙarƙashin ƙa'idojin lafiyar injuna na 2008, kuma yana kisa. A 2010 cikin 'yan kwanaki kaɗan yara mata biyu suka rasu, ɗaya a Manchesta ɗaya a Bridgend ta Wels, duk get mai zamewa ne ya matse su, a sanadin haka aka kafa ƙungiyar Gate Safe da ke horar da masu wannan aikin. Wanda zai haɗa maka ya zama ya san ma'aunin BS EN 12453, ya sa idon lantarki da ke tsayar da get in wani abu ya gifta, ya sa robar nan mai ji a bakin ganyen wadda in ta taɓa jiki get ɗin zai tsaya ya koma baya, ya auna ƙarfin matsewarsa da na'ura a gabanka ya baka sakamakon a rubuce. Ka je da kanka ka kalli wajen hinjin, ka buɗe get ɗin a hankali ka ga ratar da ke tsakanin ganye da ginshiƙi yadda take tsukewa, nan ne hannun yaro yake shiga. A mai zamewa kuma ka kalli inda sandunansa suke wucewa ta jikin sandunan shinge, wurin yana yanka kamar almakashi, dole a rufe shi da raga. A nuna wa duk babban da ke gidan inda mabuɗin sakin injin yake. Wutar kuma ƙwararren mai lantarki mai rajista ya ja ta ya baka satifiket. In mai waldan da ya ce maka ba a neman izini shi ne kuma zai haɗa injin, ni dai ban natsu da shi ba.

Da ni ne a matsayinka raba matsalar biyu zan yi. Ta yara, in sa get mai mita 1.8 a lungun gefen gida, daidai layin bangon gaba, ya rufe hanyar lambun baya, su yi wasansu a can, a gaba kuma in sa gajere wanda shi da ginshiƙansa basu wuce mita 1 ba, mai sakata ta waje inda ƙaramin hannu baya kaiwa. Ta mota kuma, turken ƙarfen nan da ake ja sama a kulle a bayan mota ya fi get tare ɓarawo, bai kai mita 1 ba, kuɗinsa kaɗan ne, sai ka haɗa da makullin sitiyari da 'yar jakar da ke toshe siginar makullin mota, tunda da yawa daga cikin satar yanzu ta hanyar kama siginar ake yi daga bakin ƙofa. In kuma ranka na kan dogon get ɗin, babu laifi, a zana na sanduna a tura neman izini, sai takarda ta fito sannan mai walda ya yanka ƙarfe. Kafin nan ka auno min daga bangon gidan zuwa bakin dakali da faɗin mashigar, ka duba ko titin naku mai aji ne, da waɗannan ukun zan iya gaya maka ko mai juyawa ne zai shiga ko sai mai zamewa.